Rasuwar Odinatar Inusa a Bakin Randa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da kunya ta hana ɗagowa, Inusa Illa na Matameye yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar odinatarsa, wato kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, tana da shekara tara, huɗu daga ciki a hannunsa.

Wansa Muntaka ne ya zo da marigayiya daga cin rani a Kano. Mai haƙuri ce ta gaske. Ta jure ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ta jure zubewar haruffa uku, ba ta taɓa kai ƙara ba. In aiki ya yi mata yawa, iyakarta ta ce "fuuuu", kamar mai hura wuta a murhu.

Ciwon ajali ya faro ne da Inusa ya shiga ƙera wasan kokawa na waya, ya rantse sai wasan ya buɗe da bidiyon karawar ƙarshe da mahaifinsa, marigayi Illa, ya yi a filin Tsauni. Wayar da ta ɗauki bidiyon an daɗe da sace ta, bai rage ko'ina ba sai a cikin marigayiya. Da aka saka shi a manhajar ƙera wasan sai ya kama sarƙewa. Ganga ta yi gaba, hoto ya biyo baya, Illa ya ɗaga abokin karawarsa ya tsaya da shi a sama har shayi ya huce.

Masana sun ba da magani uku: a canza wa bidiyon tsari, a bar manhajar ta gama loda shi kafin ta kunna, a rage masa girma. Inusa ya yi biyu. Na ukun ya ƙi, wai shi ba zai rage ubansa ba. Ya ce zazzaɓi ne kawai ke damun marigayiya, kuma duk ɗan Matameye ya san inda sanyi yake. Ya ɗauke faifan da ke rufe randa, ya ɗora marigayiya a bakinta. Ƙanwarsa Hanifa ta yi magana, ya ce mata wannan ilimi ne.

Kuma magani ya ci. Bidiyo ya tafi sumul, ganga da hoto suka jera, Illa ya ɗaga ya kayar. Inusa ya ga ubansa kamar yana raye, ya yi tsalle yana kirari, gwiwarsa ta bugi randa. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "tsundum".

Ta rasu ta bar caja ɗaure da roba, da linzaminta na maus mai ido ɗaya, da kilen ajiya, wato filash, sabo fil, wanda Inusa ya yi wata bakwai yana cewa gobe zai kwafe bidiyon a ciki. Shi kansa ya yi kuka, kuma ya san ba odinatar yake wa kuka ba.

An binne gawar cikin buhun gero na kwana uku, ko ruwa zai fita. Ranar Litinin za a kai ta wurin mai gyara a Damagaram, a duba ko akwai abin ceto. Ana zaman makoki a ƙofar gida. Ba a bukatar goro. Sai dai duk wanda ya je Tsauni ranar waccan karawar ta Illa, da waya a hannu, don Allah ya duba. Ko ƙarami ne, ko dishi-dishi, ko yana sarƙewa, Inusa zai karɓa da hannu biyu.