Buroshi Mai Lamba Shida Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da Allah Ya hukunta, Malama Ikilima Ja'afaru, malamar firamare mai ritaya da ke zaune a garin Rano, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Rano da Kibiya mutuwar buroshinta na zane, mai lamba shida, wanda ya kwanta dama da hantsin ranar Talata a cikin kofin ruwan kanwa, bayan jinyar kwana biyu. Ya yi kwana hamsin da biyu a hannunta. Ya tafi bai gama aikin da aka ɗauko shi dominsa ba.

Malama ta san buroshi ba shi da rai, saboda haka ba ta roƙon kowa ya yi masa addu'a. Duk mai addu'a a bakinsa, ya kai ta ga mijinta, marigayi Malam Tajuddeen Sallau, malamin gona, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a farkon watan Yuli. Tun daga lokacin ake tambayarta yaya haƙuri, tana cewa da godiya, kuma gaskiya take faɗi. Sai dai wannan ƙaramin rashin shi ne wanda take iya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe muryarta ba ta karye ba.

Ga yadda mamacin ya shigo gidan. Da saukar damina Malam ya shuka kunya huɗu ta kuɓewa a garkar bayan ɗaki, da irin da ya gada wurin mahaifiyarsa a Tarai. Haka yake yi kowace shekara, kuma kowace shekara, idan ta fara fure, yakan fita da kofin shayinsa ya tsaya a kanta, ya kira Malama ta zo ta gani. Shekara ashirin da tara tana ce masa ta makara makaranta. Da ta yi ritaya kuma, sai tukunya ta zama uzuri. Bana bai ga furen ba. Ita ta gan shi, tana cikin takaba, wata safiya da ta fita shanya: rawaya mai haske kamar an wanke ta, kunnuwa biyar, cikinsa ja mai duhu irin na zoɓo. Ya buɗe da hantsi, kafin azahar ya naɗe kansa. Washegari wani ya buɗe.

Da 'yarta Bushra ta zo daga Kano sadakar arba'in, ta ɗauki hoton furen da waya, sai ya fito fari fat, ba alamar rawayar nan. Malama ta ce wannan ba shi ba ne. Bayan mako guda direban motar Kano ya kawo ɗan ƙunshi daga Bushra: akwatin fentin ruwa mai kala goma sha biyu, da mamacin a kwance a gefe, ƙotarsa baƙa, gashinsa mai tsini, an ɗaure shi da ɗan farin ƙarfe. Aikinsa ɗaya ne. Malama tana son hoto guda, na gaskiya, na furen da hannun Malam ya shuka, kafin kuɓewar ta bushe.

Ba ta da malami. Mai takaba ba ta yawon neman ilimin zane, kuma ko da ta fita, wanda ta sani da buroshi a Rano shi ne mai rubuta sunayen shaguna. Wayarta ta kira da amsawa ce. Takardar bayanin da ke cikin akwatin an rubuta ta da wani rubutu da ko Malama, wadda ta koyar da ɗaruruwan yara karatu, ba ta san ta inda ake fara shi ba. Abin da ta tabbatar kawai shi ne fure ba ya cikin abubuwan da malamai suka tsawatar a kan zana su. Da wannan ta yi bisimilla.

Waɗanda suka san mamacin sun shaida haƙurinsa. An riƙe shi yadda ake riƙe alƙalami, an danna shi yadda ake danna alli a allo, bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya yi aiki a kan ragowar littattafan rubutu da ke kumbura da zarar sun ji ruwa, da bayan kalanda mai santsi inda fenti ke taruwa kamar raɓa ya ƙi zama. Ya jure wa halin Malama na gyara. Wadda ta shekara ashirin da tara da jan biro a hannu ba ta iya ganin kuskure ta wuce shi, shi kuwa fentin ruwa ba ya karɓar gyara: ta koma kan rawaya sau ɗaya ta zama ƙasa-ƙasa, ta koma sau biyu jan ya malalo ya cinye ta, na uku takarda ta huje. Kafin ta ɗauko wata, inuwa ta juya, furen ya fara naɗewa.

Mamacin bai kasance mai yawan magana ba. A kan takarda sai ɗan shuu, kamar tafiyar mai gudun tada barci. Amma idan an ɗauraye shi aka kakkaɓe a bakin kofi, yakan ce ƙwal, ƙwal, sau biyu. Kofin shayin Malam ne, kuma haka cokalinsa yake cewa kowace safiya. Ranar farko da Yaya Nana Khadija ta ji, wato yayar Malam da ta taso daga Tarai don taya Malama zaman takaba, sai ga ta ta fito daga ɗaki ba mayafi. Ta tsaya ta dubi kofin, ta dubi Malama, ta koma ɗaki. Daga ranar takan ɗauko tabarmarta da hantsi ta zauna kusa, wai don ta sha iska.

Yaya Nana ce kaɗai alƙalin ayyukan mamacin, kuma ba ta taɓa yi masa sassauci ba. Hoton farko ta ce wainar ƙwai ce da ta kama. Wani ta ce idon akuya ne mai ciwo. Ranar da Malama ta nuna mata na arba'in da ɗan alfahari, ta juya shi sama da ƙasa, sannan ta ce, "Amarya, in dai wannan fure ne, to ni ma budurwa ce." Har yau amarya take kiranta. Wannan ce dariyar farko da aka yi a gidan tun Yuli, kuma Malama ta sanya ta cikin alherin mamacin.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga kyakkyawar niyya. Malama ta lura kalar tana yin kyau tana jiƙe, in ta bushe sai ta koɗe. Sai ta tuna mahaifinta, malamin allo, wanda in tawada ta yi masa sanyi yakan ƙara mata ƙaro ta kama allo da kyau. Ranar Lahadi ta jiƙa ƙaro mai kauri, ta dama rawaya da shi. Na ɗan lokaci abin ya yi. Kunnuwa uku suka tsaya a takarda suna sheƙi, kusan yadda suke a garka, har ta buɗe baki za ta kira Malam ya zo ya gani. A daidai nan aka yi sallama, baƙi daga Lausu masu ta'aziyyar da ba su samu zuwa da wuri ba. Ta ajiye mamacin ba wanki. Da ta waiwaye shi washegari, hoton ya tsattsage kamar ƙasan kududdufi da rani, shi kuma gashinsa ya sandare kamar ƙusa.

Yaya Nana ta ce busasshen wake ma yana sallama wa kanwa, balle ɗan gashin da bai kai gemun bunsuru ba. Malama ba ta ga kuskure a wannan hujja ba. Aka tafasa ruwa, aka jefa kanwa ungurnu, aka tsoma mamacin daga Litinin zuwa Talata. Da ta ɗago shi, ƙota da ƙarfe ne suka fito. Gashin ya zauna a kofi yana yawo a kan ruwa. Da yamma Bushra ta ce a waya ƙaro ai ruwan sanyi kawai yake so, da ɗan jira. Malama ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Yaya Nana kuwa ta yanko gashin jelar akuya ta ɗaure da zare, ta kawo gashin kaza, ta tauna asuwaki har ya yi laushi. Duk an gwada. Kowanne ya zana abin da ya ga dama.

Mamacin ya bar akwatin fenti, wanda rawayarsa ta ƙare har ana ganin gindin gurbinta, shuɗinsa kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Ya bar kofi. Ya bar takardu sittin da uku a ƙarƙashin katifa, babu ɗaya a cikinsu da Malam zai gani ya gane shukarsa. Ya bar ragowar ƙaro a murfin kwalba, wanda aka yafe masa.

Ruwa ya ɗauke tun makon jiya. Kunya uku sun bushe, ta huɗun saura tsiro ɗaya mai ɗanyen ganye, da ƙullin fure guda a kansa, wanda bisa lissafin Malama zai buɗe ranar Alhamis. Bushra tana jarrabawa, sabon buroshi ba zai iso Rano kafin Asabar ba. Takaba kuma da sauran wata guda da 'yan kwanaki. Za a bar 'ya'yan ƙarshe su bushe a ajiye iri, kuma in da rai baɗi za a shuka. Amma wancan, hannun Malama ne zai shuka shi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan sallar azahar, a garkar bayan ɗaki, a gindin tsiron da ya rage. Yaya Nana ce za ta haƙa, da ƙaramar fartanyar Malam. Babu zaman makoki, kuma ana roƙon jama'a kada kowa ya ɗauki ɗawainiyar zuwa. Wanda ya matsa sai ya zo, ya bari sai la'asar. Daga hantsi zuwa azahar Malama ba za ta amsa sallama ba. An shekara talatin da ɗaya ana kiranta ta zo ta gani, za ta je ta zauna, ba takarda, ba ruwa, har furen ya naɗe.