Ƙarfe Ba Ya Shiga Rijiyar Kakana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Biron Gyaran Ruwa, Allah shi ƙara maka ganin abin da ido ba ya gani.

Bayan gaisuwa irin ta talaka, ni ne tsohon da ya tare motarku da sanda a bakin rijiya, gabas da Buza. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, ina faɗi ana rubutawa.

Na ɗaya. Kakana da ya gina rijiyar ga ya bar doka guda: ƙarfe ba ya shiga cikinta. Da wasakin fata ake ɗiba. Ni ke tsaronta tun ina da haƙora. Na kori matar maigari saboda bokiti. Na hana ɗan maƙwabcina Hafizu sha saboda zobe. In kun cire wannan, ranka shi daɗe, ba ni da wata sana'a.

Na biyu. Ma'aikaciyarku Madam Rahinatu ta ce ruwanmu na da dafi, wai kuromiyam, daga gishirin kanti da majema ke jiƙa fata da shi a bayan gari. Ashe fatar da nake yabo ita ta kawo cutar, ƙarfen da nake kora shi ne magani? Wa ya tsara wannan, kuma me ya sa ba a jira na mutu ba?

Na uku. Ta zuba maganin naku, garin ƙarfe, a kwalbar ruwan rijiyar, ta ce ƙwayarsa ta fi ƙarfin ido, shina kama dafin ya kwanta da shi ƙasa. Ruwan ya washe gaban jama'a. Na ce ban gani ba. An yarda da ni, don kowa ya san idona.

To an ce ko a zuba garin, ko a rufe rijiyar da siminti. Jikokina daga nan suke sha, kuma wata rijiyar sai an hau dutse da jaki.

Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Sai dai ina sanar da mai girma cewa ran kasuwar Buza nakan tafi tun da safe, jakina gurgu ne, ba na komowa sai almuru. In na komo zan yi faɗa sosai. A gaya wa Madam kada ta ji tsoro.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Yaƙubu Mai Rijiya