Tudun da na zaɓa a gidan ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da aka sauko da ni daga kan tudun ƙanƙara a ɗaure kamar dilar gwanjo. Ni da ko ido na ɗaga a kasuwar Kwari sai yaran shago sun gyara tsayuwa.

Na daɗe ina zuwa Guangzhou saro kaya. Ban yi boko ba, rubutun mutanen nan kuwa ko ɗigo ban sani ba, amma kasuwar Canaan ta koya mini abu guda: abin da ɗan China ya fara miƙo miki ba shi ne mai kyan ba. Mai kyan yana sama, ko bayan labule. In ya ce "meyo", wato babu, to akwai, so yake ya ga ko kin san kan kaya. Sai ki tsuke fuska ki kafe. Da haka na riƙe gidana.

Jikata Safiyya tana karatu a jami'a a garin. A wannan zuwan, da muka gama da masu jaka a Shiling, ta ce akwai inda za ta kai ni, nan kusa ne. Wani ƙaton gini ne aka cika da dusar ƙanƙara, a garin da zafi ke dafa mutum da ransa. Ciki tudu-tudu, mutane na ta sulu a kan dogayen alluna biyu. Ashe yarinyar nan tun farkon zuwanta take koyo, ba ta gaya wa kowa a gida ba (ta san bakina). Ni ta zaɓa in fara gani. Har ƙawayenta ta gayyato, ga kuma abokiyar tafiyata Hajiya Talatu.

Aka ba mu riguna masu kauri, na ɗora tawa a kan hijabi (kada ku tambayi kamar da na yi), da takalma kamar an zuba musu siminti, aka maƙala mana allunan. Safiyya ta nuna wani ɗan gangare, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Hajiya, ga nawa. Duk cikinsu shi na fi so. A nan na sha faɗuwa, a nan na iya. Ki tsaya nan ƙasa ki kalle ni, in na sauko sai in riƙe hannunki mu gwada a hankali."

Na dubi gangaren, cike da yara ƙanana suna tuntsurawa. Na ɗaga kai, sai ga wani can sama, dogo, fes, ba cunkoso. Na nuna wa wani saurayi ma'aikacin wurin. Ya shiga kaɗa hannu: "Mama, meyo, meyo!"

Shi ke nan, kasuwa ta motsa a kaina.

"Ke dai an cuce ki," na ce wa Safiyya, a gaban ƙawayenta. "Duk tsawon lokacin nan na yara suke ba ki, kina godiya. Bokon bai koya miki zaɓe ba? Ga mai kyan can sun ɓoye."

"Wallahi Hajiya ba haka ba ne, wancan na ƙwararru ne."

"Haka suke cewa."

Na ga annurin fuskarta ya ɗauke. Na gani sarai, ba abin da ke wuce idona, amma na kawar da kai. Hajiya Talatu ta ce, "Hajiya, da gwiwar nan da ke kuka a matakalar otal?" Ko kallonta ban yi ba.

Safiyya na sunkuyawa ta gyara wa ƙawarta takalmi, na ja ƙafa kamar agwagwa na shiga layin wasu kujeru da ke tafiya a jikin waya zuwa sama. Kafin in shirya, kujera ta kwashe ni ta baya. Ina lilo a sarari, duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa.

A can sama ashe kujerar ba ta tsayawa, miƙewa ake a zame. Na miƙe. Allon dama ya yi gabas, na hagu ya yi yamma, ni kuwa na zube a tsakiya. Dole aka kashe injin. Duk wanda ke kan kujera ya tsaya cak a rataye, ba abin kallo sai ni. Na rarrafa na leƙa tudun da na zaɓa. Jama'a, kamar leƙa rijiya. Na ja da baya na lafe a wurin.

Wani yaro ma'aikacin wurin da bai kai sa'an jikata ba ya zo yana ta yare. Na riƙe ƙafarsa na ce, "Laoban, ka sauke ni don Allah." Maigida ke nan fa na kira shi, ni.

Suka kawo wani abu kamar kwale-kwale, suka kwantar da ni, suka naɗe da bargo, suka ɗaure tamau, fuska kawai a waje. Haka aka janyo ni ta gaban kowa, wayoyi a sama. Muna isowa ƙasa na ji muryar Talatu: "To, kaya sun iso! Ta ruwa za a tura ko ta sama?"

Kowa ya yi dariya ban da Safiyya. Ta cire allunanta, tana gudu da takalman nan masu nauyi. "Hajiya, kin ji ciwo? Ina ne?" Ko "ai na gaya miki" ba ta ce ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Aka kai ni wani ɗaki, aka auna jinina, aka ba ni ruwan zafi. Tana zaune tana murza mini ƙafa har lokacin da muka biya ya ƙare. Ko sau ɗaya ba ta hau gangaren nata ba. A mota na buɗe baki zan ba ta haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Sanyin wurin ma ya yi yawa." Ta ce, "Haka ne, Hajiya."

Yanzu ta gama karatu ta dawo Kano, inda ƙanƙara sai a cikin zoɓo. Kwanaki na daure na ce ta nuna mini a waya yadda take sulun. Ta yi murmushi ta ce ai ba ta taɓa bari an ɗauke ta ba, so ta yi in gani da idona.

Abin da na koya, bayan ya daina amfani: in jikarki ta ce ki tsaya ki kalla, ki tsaya ki kalla. Ban taɓa jin an ɗauko tsohuwa a ɗaure daga wajen 'yan kallo ba.