Rasuwar Madubin Malam Aƙilu Mai Duban Wata

Cikin alhini da zuciya mai ƙuna, Malam Aƙilu na Ƙarfi, wanda ya yi shekara ashirin yana duba wa gari jinjirin wata, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu dariya a bayan danga, rasuwar madubinsa na hangen nesa. Marigayin ya cika a wannan shekara ta 1287 bayan Hijira, ranar Ƙaramar Sallah a lissafin Ƙarfi, talatin ga azumi a lissafin sauran bayin Allah.

Haifaffen ƙetaren teku ne. Ya ratso hamada a kan raƙumi, a naɗe cikin alharini. Malam ya same shi a Katsina wurin wani Balarabe, wanda ya rantse cewa da shi mutum zai ƙirga gashin wutsiyar doki daga Ƙarfi har Bakori. Akwai wani madubin a gefe, na kuɗin akuya, amma Balaraben ya ce wancan na talakawa ne. Malam ya ba da goɗiyarsa da takarkari ɗaya, ya dawo gida a ƙasa, ƙafa a kumbure, yana ta murmushi.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da kunya, don bai taɓa nuna wa mutum abu ƙuru-ƙuru ba. Bishiyar nesa yakan kawo ta kusa, ya lulluɓe ta da dishi-dishi saboda ladabi. Jikinsa tagulla ne mai ƙyalli. In an ja shi ya ce "ƙiiit", in an rufe shi ya ce "ƙwas", kuma wannan "ƙwas" ɗin kaɗai ta isa dattawa su gyara zama.

Abin da gari bai sani ba, idon Malam ya yi shekara uku da rauni. Matarsa Barakatu ce ke tsayawa bayan rumbu da magariba, in ta hango wata ta yi tari sau biyu, shi kuma ya yi kabbara daga kan soro. Abin yana cinsa a rai. Tsoron ranar da za a gane a karɓe aikin daga hannunsa, shi ya kai shi Katsina.

Ciwon ajali ya fara ran ashirin da tara ga azumi. Malam ya hau soro, ya ja marigayin, sai ga jinjirin wata fes, irin wanda bai taɓa gani ba ko yana saurayi. Barakatu ba ta yi tari ba.

"Malam, wallahi babu komai a sama," in ji ta.

"Ke da idon kyauta za ki yi gardama da idon goɗiya?"

Aka buga ganga, gari ya sha ruwa, washegari aka sauko daga Idi. Da azahar baƙi suka iso daga Bakori, da azuminsu a baki. Malam ya fito da marigayin don ya kunyata su, ya leƙa, sai ga jinjirin wata a jikin rumbu. Ya juya, ga shi a bayan jakin liman. Aka garzaya da majinyacin wurin Shitu maƙeri, ya buɗe cikinsa, ya tarar da 'yar tsaga lanƙwasasshiya a ƙwayar madubin. Yana cikin dubawa ƙwayar ta ce "tas", ta rabe biyu. Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Ya rasu ya bar kubensa na fata, da ƙyallen alharini, da goɗiya a Katsina tana haihuwa a gidan wani, da gari guda mai ramuwar azumi. Ya kuma bar Malam, wanda ya tsaya gaban dattawa a wannan yammacin, ya faɗa musu ko idon wa suka yi shekara uku suna bi.

Za a binne ƙwayar gobe da hantsi a bayan rumbu. Tagullar ba za ta shiga rami ba, Barakatu ta riƙe ta don hura wuta. Zaman makoki a zauren Malam, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada su ambaci goɗiya. Addu'ar arba'in sai cikin watan gobe. Masu son sanin ranar da ya kama kada su dubi soro, Malam ya ce su saurari tari daga bayan rumbu.