Ni da Tukunyata a Sararin Sama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci kwalar mai hoto a Sabha ba. Kuma tun farko in faɗa, har yau ina nan a kan bakana: in mutum ya ce ka ɗauke shi hoto, hoto ya ce, bai ce ka yi masa mafarki ba.

Shekarun nan ne da Libiya ta buɗe ƙofa, rediyo kullum zancen Afirka ƙasa ɗaya, mu kuma muka cika unguwar Tayuri kamar an zazzage mu daga buhu. Ni tuwo nake sayarwa. Direbobin hamada duk suna shakkata, don wanda ya kushe mini miya sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. 'Yata Rakiya na baro ta Damagaram wajen innata, dangin tsohon mijina kuwa kullum neman dalilin da za su karɓe ta suke yi. Ban iya rubutu ba sannan (sai da furfura ta fara leƙo ni na shiga ajin manya), saƙona kaset ne da hoto.

Akwai shagon hoto a unguwar Hajara, na wani Balarabe, amma mai aikin Bakano ne, Sanusi. Ya taso zai haye teku, hanya ta ajiye shi nan. 'Yan ci-rani suna zuwa ya liƙa su jikin jirgi ko gaban dogon bene da kwamfuta, su aika gida a ce sun isa. Wannan abincinsa ne. Hotunansa na kansa, da ya jera a bango, daban suke. Raƙumi yana tafiya a kan ruwan shayi cikin kofi. Ɗaki cike da rairayi har taga, da sallaya shimfiɗe a kai. Wani mutum riƙe da jaka, inuwarsa ta juya ta nufi baya. Wannan na ƙarshen na daɗe tsaye gabansa, amma da Sanusi ya tambaye ni ra'ayina cewa na yi, "Shirme."

Na ce ya ɗauke ni tsaf, da mayafina, don masu surutu su ga ban lalace ba. Na kuma ba shi ɗan hoton Rakiya da ya kakkarye saboda ajiya cikin lalita, ya gyara mini. Yana saita fitila ya ce, "Yaya, wai yaushe za ki koma gida?"

Na ce, "Tambayi tukunyata. Ita za ta kai ni."

Ranar da na karɓo ambulan, a rumfata na buɗe, gaban masu cin abinci (wautata ta farko kenan). Hotona ya yi kyau, na Rakiya ya gyaru. Sai ga na uku ya faɗo. Ni ce zaune cikin tukunya, a sama, hamada ƙarƙashina. Malam Iliya direba ya ɗauka kafin in kai hannu.

"Inna, ashe tashi kike yi? Shi ya sa miyar nan ke kama mu."

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuwa abu ɗaya na gani: hoton nan ya isa Damagaram, a ce uwar Rakiya mayya ce tana yawo cikin tukunya. Ban sake kallonsa ba. Na ɗauki muciya na nufi Hajara, Malam Iliya ya bar tuwonsa ya biyo ni kallon faɗa.

Shagon cike yake. Na ce, "Kai Sanusi, ni za ka mayar mayya? Ka san abin da za a raba ni da shi in an ga wannan?"

Ya miƙe tsaye. "Allah ya huci zuciyarki, Yaya. Kyauta na yi miki. Zauna in goge shi a gabanki."

Ban zauna ba. Ya buɗo shi a kwamfuta, ya cika allon, sai a lokacin na gan shi sosai. Tuddan rairayin ya lanƙwasa su kamar igiyar ruwa. Tururin tukunyar ya miƙe ya zama hanya, hanyar ta sauka har bakin wata ƙofar gidan ƙasa da ke tsaye ita kaɗai a fili, babu bango. A bakin ƙofar, ƙarama ƙwarai, Rakiya ce, kanta a ɗage tana duban sama. Ni nake duba ta, ita take dubana. Ƙafarta babu takalmi.

Bakina ya yi magana ban sa shi ba. "Rakiya, ina takalminki? Rairayin nan da zafi."

Sanusi kuwa hannunsa ya riga ya tafi, ya danna. Ƙofa ta zama wayam.

Ban san lokacin da muciya ta faɗi na damƙi kwalarsa ba. "Ina ka kai ta? Mayar mini da 'yata."

Bawan Allah, wuya a shaƙe, ya laluba ya danna abu ɗaya, ta dawo. Ni da direbobi ke sauke murya in sun hango ni, na zube ƙasa ina kuka mai majina, ina goge allon da gefen mayafi kamar fuskarta ce. Balaraben ya miƙo mini ruwa yana ta "Sabur, hajja," wai in yi haƙuri. Malam Iliya ya tsugunna ya ɗauki muciyar, ya ce a hankali, "Inna, in riƙe miki makamin?"

An daɗe ana tsokanata da zancen takalmin nan, har wanda bai je shagon ba. Abin da na koya bai da yawa: in za ki je faɗa a kan hoto, ki fara kallonsa har gefe-gefe, kuma ki bar muciya a gida.

Washegarin faɗan, da gari ya waye na kunna rakoda na yi wa innata magana. Na ce hoton mai mayafin ta nuna wa kowa, har masu surutu. Mai tukunyar kuwa ta rufe ƙofa ta nuna wa Rakiya ita kaɗai, ta ce mata uwarta tana hanya. Na haɗa da takalmi ja, na kai wa Malam Iliya tasha kafin ya tayar da motar Damagaram.