Sitiyarin Motar Zumunta da Ƙibar Mama Hulda

Kai mai karatu, kar ka yi mini fuskar marar laifi. Ka san ramin nan na kwanar da ke bayan firamare, a hanyarmu ta zuwa Kagoro. Ka sha kauce masa, ka yi tsaki, ka ce "Allah ya kyauta", ka wuce abinka. To ranar Asabar da ta wuce, tsakinka ya ƙare a gonar citta, da mata cike da bas.

Zumuntar matan cocinmu suna da wata tsohuwar bas da suke zuwa gasar waƙa da ita. Tun da ta faɗa ramin nan shekarun baya, sitiyarinta ya koma jan hagu. Da Azariya direba ya ɗan sassauta hannu, sai ta kama hanyar daji kamar akuyar da ta hango dusa. A wasu garuruwan gareji za a kai ta. Mu kuwa mutanen hikima ne. Aka kira taro, aka buɗe da addu'a, aka yanke shawara: duk mace mai jiki ta zauna a dama, sirara su koma hagu. Kujerar gaba ta dama kuwa aka ba Mama Hulda, yayar mahaifiyata, wadda Ubangiji ya yi wa albarka ta kowane gefe. In ta zauna, bas ta miƙe sambal.

Na yi magana tun lokacin. Aka ce yaron nan boko ya yi masa yawa.

Sai ga shi bana likita ya auna Mama Hulda, ya dube ta, ya sake aunawa. Hawan jini. Ya ce ko ta rage jiki, ko zumunta ta fara koyon waƙar jana'izarta. Ta bar soyayyar doya, ta bar tuwon dare, ta fara tattaki da safe. Zani ya fara zagaye ta har da saura.

Hankalin zumunta ya tashi. Da idona na ga Mama Angelina, shugabarsu, ta shigo gidanmu da kwano a rufe.

"Hulda, ki ji tsoron Allah ki ci. Gasa ta kusa."

"Dokta ya ce zan mutu, Angelina."

"Kowa zai mutu, 'yar'uwa. Amma ba a hanyar Kagoro ba."

Mama Hulda ta ƙi ci. Ranar Asabar ta hau kujerarta kamar kullum, sai dai kujerar ba ta yi kukan da ta saba ba. Suna cikin rera waƙa suka iso kwanar. Azariya ya kauce wa ramin, ya murza dama, bas ta ce ita hagu ta sani. Ta tsallake titi, ta sauka gonar citta, ta tsaya cak a kan kunya. Ba wadda ta ji ciwo, yabo ga Ubangiji, amma tulun kiɗa ya fashe, ɗankwalaye suka watse. Wani makiyayi, Hammawa, shi ya ɗaura wa bijimansa igiya suka jawo su. Da ya gama ya tambayi Azariya ko ya bar masa bijimi ɗaya ya riƙa zama a dama.

Kun san wa aka ɗora wa laifi? Mama Hulda. Har wata ta ce ta sa son jikinta gaba da aikin Ubangiji.

Ni na ja Azariya muka kai motar wurin Boaz bakanike a Kafanchan. Ya ɗaga gabanta da jak, ya kama taya da hannu biyu ya girgiza. Ta yi ƙwas-ƙwas kamar haƙorin tsoho.

"Tayirod ya gama aiki," in ji shi, yana nuna sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. "Zan canja, in saita tayoyin. Amma, ɗan boko, in ta ƙara faɗawa ramin nan, za ku dawo. Ba ku da wata mai jiki a cocin ne?"

Har shi! Ga inda muka kai. Mun fi yarda mu nemi mace mai ƙiba da mu nemi a cike rami.

Amma kar a ce ban yaba ba. Ɗan majalisarmu, Mai Girma Uban Alkawari, Garkuwan Masu Jira, bai taɓa mantawa da ramin nan ba. Duk kakar zaɓe sai ya zo, a kafa rumfa a bakinsa, a yanka ribon, a yi masa tafi. Ramin ya fi ni shiga hoto. Da labarin haɗarin ya kai masa, tausayi ya kama shi nan take. Bai aiko da kwalta ba, bai aiko da tsakuwa ba. Ya aiko da buhun shinkafa da galan na man gyaɗa, aka ce a ba Mama Hulda ita kaɗai, domin ta koma bakin aikinta. Ranka ya daɗe! Wannan shi ne sanin ciwon talaka. Da gada ce ta karye, na san da ya raba mana wandon iyo.

Buhun yana nan a zaurenmu, ba a kwance bakinsa ba. Matan zumunta suna zuwa suna kallonsa, suna kallon Mama Hulda, suna ajiyar zuciya. Gasa ta gaba tana ƙarshen wata. Ko dai a cike ramin, ko su ci gaba da bin baiwar Allah da cokali har jininta ya sake hawa.

Ita dai ta yanke nata. Ta ce Litinin da safe za ta ɗora buhun a baro, ta kai ƙofar Mai Girma, ta zauna a kansa, ba za ta tashi ba sai ta ga tifar tsakuwa ta nufi kwanar. Sai dai ta ce nauyinta ya ragu, maigadi biyu ma za su iya ɗaga ta.

Saboda haka, kai da ka iya tsaki, Litinin ka bar tsakin a gida ka zo da kujerarka. In kana da tumbi, ka zo da shi gaba ɗaya, ka zauna kusa da ita. In siriri ne kai, kar ka ce ba ka da amfani. Akwai wuri a hagu.