Tsamiyar Gonar Baba

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tsaya gaban aji ina juyayin mutanen Sikotland ba. Ina aji uku a jami'a, sashen tarihi, malami ya raba mana batutuwa, nawa ya faɗa kan korar manoman ƙabilar Gelik, waɗanda masu ƙasa suka tasa daga ƙauyukansu na kan duwatsu, wasu har da cinna wa rufin ɗakunansu wuta, don kawai tumaki su sami wurin kiwo.

Abin ya shige ni fiye da kima. Hutun nan kaf a Danwarai na yi shi, ƙarƙashin wata tsamiya a gonar albasar Baba. Ƙannena na ban-ruwa, ni kuwa na lula wata duniya: ciyawa kore shar, gajimare na tafiya ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa na waiwayen kufan gidanta kafin ta shiga jirgin ruwa ta bar ƙasar har abada. Har ji nake kamar ina cikin jirgin tare da ita. (Ni da kwalekwalen gulbin Jega ma sai na karanto duk addu'ar da na sani nake shiga.)

Kuma in faɗi gaskiya, ba don maki kaɗai nake wannan wahalar ba. Akwai Dije, Bafulatana 'yar ajinmu, mai zama layin gaba, wadda ba ta cika magana ba. Shekara biyu ina neman abin da zai sa ta dube ni sau biyu, na kuma ƙudurta wannan jawabin ne zai yi min aikin.

Ranar na zuba bayani kamar a gabana aka yi. Har ido ya kawo ruwa. Na saci kallon Dije, na ga ta ajiye biro tana saurare. Nan fa kaina ya kumbura. Don in rufe da armashi, sai na haska hoton gonarmu a allo: albasa kore shar, tsamiya a tsakiya.

"Mu dai mu gode Allah," na ce. "Ga tamu ƙasar, ba wanda ya taɓa tashin wani. Wannan gonar ko takin zamani ba ma sa mata, tsabar albarka."

Dije ta ɗaga hannu.

"Wagga tsamiya," ta ce a hankali, "tana da reshe guda karyayye ta gabas?"

Na ce ƙwarai, har da murmushi, wai ni a dole ta lura da kayana.

"Yayana yak karya shi wurin lilo. Nan rugarmu take kahin mu koma Kuberi. Gindinta anka bizne cibiyata. Albarkar da kac ce kuwa, kashin shanun Baffanmu na."

Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. Idonta na kan hoton, ba kaina ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na rasa inda zan sa hannuwana. Malam ya gyara tabarau ya ce, "To, ga aikinka na gaba, kuma ba ya buƙatar jirgin ruwa."

Da na je gida na tambayi Baba, yana tsintar ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai kyau. Bai ko ɗago ba.

"Wa yac ce korar su munka yi? Ba mu kori kowa ba. Albasa dai munka yi ta shukawa, bana kaɗan, baɗi kaɗan, har bakin bukka. Su da kansu sunka tashi."

Wata uku na yi ina mafarkin kufan da ke bayan teku, alhali a kan wani kufan nake shimfiɗa tabarmata. Dije kuwa ta dube ni sau biyun da nake nema, sai dai ba irin duban da na roƙa ba. Tun daga ranar, kafin in yi wa mutanen nesa kuka, nakan fara tambayar wa ya riga ni zama a inuwar da nake ciki.